Gwangwanin Batulu

Ni ne mai ƙirgen buhuna a kasuwar riɗi ta Gadarif.
Biro a kunne, littafi a cinya,
duk buhun da ya hau mota sai in ja masa layi.
Shekara tara ina ja.
Ban taɓa rubuta sunan wanda ya ɗauka ba,
shafin bai bar wa suna gurbi ba.

Arzika ya fi kowa sanin katakon nan
da ake jinginawa a bayan mota.
Ba takalmi yake hawansa,
buhu a wuya, ƙugiya a hannu,
yana tsokanar yaron direba.
Ranar Talata, bayan azahar,
a buhu na ɗari da goma sha bakwai,
katakon ya ce ƙas.
Tantabaru sun riga mutane isa wurin.

Mahjub mai kaya ya fito daga inuwa,
ya tsuguna, ya duba inda buhun ya yage,
ya ce a kawo tsintsiya.
Sannan ya waiwayo, ya ce Allah ya sawwaƙe.
Ba mugu ba ne.
Ya ba da kuɗin mota zuwa asibiti,
da dare ya aika da sukari.
Da aka yi masa zancen gobe da jibi
sai ya buɗe tafin hannunsa:
ina takardar da ta ce yarona ne?
Babu kuwa.
Littafina ma shi ya goya wa baya.

Muka nufi gindin darbejiya, wurin Batulu mai shayi.
Kowane ɗan dako, in an sallame shi da yamma,
yakan biya ta kuɗin kofi biyu:
wanda ya sha,
da wanda bai sha ba.
Na biyun gwangwanin madara yake shiga.
Ba ta iya rubutu ba,
amma ta san kowa da sunan uwarsa,
ta san wanda ya tsallake Laraba ya ninka Alhamis.

Sai dai makon jiya aka yi mata samame.
’Yan hukuma sun loda kujerunta a mota,
da butoci, da murhu, wutar ba ta ko mutu ba,
wai ba ta da lasisin zama ƙarƙashin itace.
Muka tsaya cirko-cirko, ba mai son ya fara tambaya.
Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya,
ta tura hannu har gwiwa cikin buhun gawayi.
Ya fito baƙi ƙirin, yana da nauyi.

A kan tabarma muka ƙirga.
Takardu masu ƙanshin citta da gumi,
wasu an liƙe su a tsakiya.
Ya isa hoton ƙashi,
ya isa magani da dawar mako biyu.
Likita kuwa wata uku ya ce, kwance, ba motsi,
bayan nan ma sai abin da Allah ya yi.
Batulu ta mayar da murfin, ta buga shi da dunduniyar hannu.
Ta ce gobe kofi uku ne.
Wani ya yi tsaki. Ba wanda ya ce a’a.

Da safe an kawo sabon katako.
An kawo sabon ɗan dako kuma,
ƙugiyar ubansa ta yi wa hannunsa girma,
gemu bai ko fara tsiro masa ba.
Ya sunkuya, aka ɗora masa,
gwiwoyinsa suka yi shawara, sannan suka yarda.
Na ja layin.
A gefensa, inda takarda ta ƙare,
na matse haruffa na rubuta: Sa’adu ɗan Arzika.

Mahjub ya leƙo ta kafaɗata, ya ce wannan fa?
Na ce biro nake gwadawa.