Gado na Sha Ɗaya

Daren Talata ne, ina aikin kwana a asibitinmu na Kisumu,
ruwa na dukan kwano kamar mai bin bashi,
aka turo ta.
Tsohuwa, daga bas ɗin da ya kife a hanyar Busiya,
ƙafa a karye, zani ya sha laka,
ta rungume gwangwanin man kaɗanya kamar jika.

Likita ya yi mata Turanci, ta dube shi.
Ya koma Swahili, ta dubi silin.
Ya rubuta a kati: ba ta magana,
ya rataye, ya tafi neman shayi.

Ƙarfe biyu ta gota, ina sauya ledar ruwan gado na goma,
sai na ji a bayana, can ƙasa-ƙasa:
pii.
Na tsaya cak.
Mu nan pi muke cewa, gajere, ɗigo ɗaya.
Ita ta ja shi kaɗan,
kamar ruwan da ya sha tafiya kafin ya iso.
Na cika kofi, na tallafi ƙeyarta.

Na zuba ƙwayoyi a tafinta ina ƙirgawa don kaina:
achiel.
Ta ce acel.
Ariyo.
Ta ce aryo, tana kallona ta wutsiyar ido.
Da muka kai uku, bakinmu ya haɗu,
adek, babu ragi, babu ƙari,
ta yi dariya har haƙarƙari ya tuna mata da bas.

Lamwaka sunanta, daga Kitgum.
Ni Awiti, 'yar Seme, ban taɓa tsallaka iyaka ba.
Amma kifina kifinta ne, wutata wutarta,
sai dai kowace ta ɗan gyara wa kalmar ɗaurin kallabi.

Ba duka muka tsinta ba fa.
Ta yi dogon zance kan ɗanta da wata gona,
ya zube tsakaninmu kamar gero a yashi,
na tsinci ƙwaya biyar, sauran na bar wa dare.
Da ta ce apwoyo, na ce, ina zomon?
Ashe godiya take yi.
Ta kafa yatsu biyu a ka, ta kaɗa su,
su ma can, haka suke kiran mai dogon kunnen.

Kakata kan ce daga arewa muka gangaro, muna bin kogi,
wasu suka gaji suka kafa murhu,
wasu shanunsu suka ƙi tsayawa.
Na ɗauka tatsuniya ce ta sa yara barci.
Ga tatsuniyar kwance a gado na sha ɗaya,
da ƙarin ruwa a hannu, tana neman a gyara mata matashi.

Abin da muke yi da ita, ni dho nake kiransa, wato baki.
Ita leb take cewa, wato harshe.
Muka yi musu har kiran zakara,
sai ta buɗe baki, ta nuna mini inda harshen yake zaune.

Da safe ɗanta ya iso daga Nakuru, da jaka da katin aiki a wuya,
ya gode mini da Turanci mai santsi.
Ita ta lakato man kaɗanya, ta shafa mini a bayan hannu.
Kafin in miƙa aiki na ciro katin nan,
na soke layin likita,
na rubuta: tana magana.

Na iso gida, ƙafafuna ba nawa ba.
Akeyo, autata, ido a waya,
ta nemi ruwa da yaren makaranta.
Na riƙe kofin, ban miƙa ba.
Ta ɗago.
Na ce, sake faɗa.