Bokiti Bakwai a Cocin San Roque

Ran Laraba na sauka daga aikin dare,
ƙafafu sun kumbura cikin farin takalmi.
Na ratsa kasuwar kifi ban taya komai ba,
na shiga coci da warin asibiti a jikina.

Tun guguwar bara rufin bai koma daidai ba.
Kwano uku iska ta kwashe ta kai wa teku.
Fada Eleuterio ya rubuta wasiƙa huɗu zuwa birni,
amsa ɗaya ta zo, wai a ƙara haƙuri.
To, muna ƙarawa.
Bokiti bakwai muka jera tsakanin kujeru,
a tsibirin nan namu na Samar
inda ruwan sama bai san sallama ba.

Na durƙusa, na ciro carbina.
Ban kai ƙwaya ta uku ba
lissafi ya shigo ya zauna a bakina:
kuɗin makarantar Jomar, peso dubu shida;
maganin mahaifiyata, wadda jiya ta tambaye ni ko ni 'yar waye;
Rogelio, wata tara a jirgin dakon kaya,
muryarsa tana tsinkewa a waya kamar tsohon zare;
da mutumin gado na sha biyu
da ya riƙe wuyan hannuna da ƙarfe uku na dare,
har yanzu ina jin yatsunsa, shi kuwa ya tafi.

Na ce, Ubangiji,
sai sauran maganar ta maƙale.
Ƙirjina kamar an ɗora masa buhun shinkafa jiƙaƙƙe.

Aka taɓa kafaɗata.
Lola Pacing ce, shekara tamanin da ɗoriya, haƙori biyu.
"Minda, na uku ya cika."
Raina ya ɓaci. Ba ta ga addu'a nake ba?
Na tashi dai, na ɗauka,
ruwa yana fallatsa a siket ɗina,
na zubar a gindin ayaba bayan ɗakin Fada.
Na dawo, na biyar ya cika.
Nicanor mai babur mai ƙafa uku ya kama na shida,
muka yi karo a ƙofa, muka jiƙa juna,
ya yi dariya har da tari.
Can gaban bagade 'yan matan mawaƙa
suna ta faɗuwa a gaɓa guda ta Zabura, suna sake tashi.

Tsohuwar tana matse tsumma ta ce, ba ta ko dube ni ba,
"Shekarar da kwalekwalen Isko ya dawo ba Isko,
bakina ya bushe, ko Amin ba ta fita.
Shara na riƙa zuwa yi kullum.
Ya ji tsintsiyar."

Na koma mazaunina hannu yana zafi.
Bokitin da ba komai cikinsa ya fi ƙara:
ɗis.
Na ce, ga Jomar.
Ɗis. Ga mahaifiyata.
Ɗis. Ga Rogelio, ga tekun da ke ƙarƙashinsa.
Ɗis. Ga na gado sha biyu, Ka san sunansa.
Ɗis.
Na daɗe kafin na ce, ga ni.

Ko peso ɗaya bai ragu daga bashin ba.
Numfashina ne dai ya sauka har ciki,
karo na farko tun ran Lahadi.

A baranda ana raba shayin citta da wainar shinkafa,
ina jin Fada yana gardamar farashin kwano da Nicanor.
Na ce bari in jingina kaina minti biyu.

Da na farka rana ta yi tsaka, ruwa bai tsaya ba.
Mayafin wata yana kafaɗata, yana ƙanshin man kwakwa.
Na leƙa bokitin da ke gefena.
Wani ya riga ya zubar.