Lissafin Cokali

Kwana tara tsakanina da albashi,
dubu bakwai da ɗari biyu a aljihu,
ɗari biyun ma ta yage, na ɗaure mata karaya da salatif.
Na raba a bayan rajistar aji: ɗari takwas a yini,
in ban hau keke ba, in ban yi baƙo ba,
in sabulu ya yi mini kara.
Ni ne malamin lissafi a wata makarantar kuɗi a Rikkos.
Da safe ina koya wa yara tarawa,
da rana ciki ya zaunar da ni, ya koya mini ɗebewa.

Na san Jos da hanji fiye da yadda na san ta da ƙafa.
Mai shinkafar Taminus, ta bayan banki,
miyarta ja wur, cokalinta marowaci.
Masar Dilimi akwai daɗi, amma ba ta da amana,
ka ci shida, kafin la'asar ta sulale ta bar ka.
Iya Lantana ta Gangare, mai garau-garau,
in ta saba da fuskarka takan karkata hannu wajen wake,
sai dai layinta cike yake da iyayen ɗalibaina.

Sabitu mai faci ne ya ba ni karatun:
"Malam, kada hanci ya yi maka ciniki.
Ɗaga kwanon ka ji nauyinsa.
Ka je a makare, ƙanzo ba shi da farashi.
Ka sha ruwa kafin, ka sha bayan,
tsakiyar kuma ka tauna a hankali."

Shi ya sa ran Laraba na taka har Farin Gada,
na ratsa kwandunan tumatir da buhunan kabeji,
inda ba wanda zai ce mini Malam.
Rumfar buhu, benci mai ƙafa uku da dutse,
tukunyar gwate tana huci kamar ta yi gudu.
Ngo Chundung ta ɗaga ludayi.
Tsaki, yakuwa, gauta mai ɗaci-ɗaci,
tururin ya kori sanyin da ya biyo ni tun daga gada.

"Na ɗari biyar," na ce.
Sannan ƙasa-ƙasa, kamar mai faɗin laifinsa:
"Ban da nama."

Hannun da ya miƙo kwanon ƙarami ne,
da tabon biro a yatsa.
Kaneng. Aji biyar, layi na biyu, kusa da taga,
wadda na ja wa kunne jiya a kan sau bakwai.
Ta durƙusa, "Sannu, Malam."
Cokalin ya yi mini nauyin tabarya.

Na ci. Yunwa ba ta san kunya ba,
ko ta sani, ba sa gaisawa.
A can ƙasan kwano haƙorina ya ci karo da ganda,
yanka biyu, an binne su kamar asiri.
Na ɗago kai. Uwar tana ta juya tukunya,
ta ba ni ƙeya da gangan.

Da na miƙa kuɗi ta ƙirga, ta karɓa cif,
ba ta rage mini ko sisi ba, na kuwa gode da hakan.
Ta ce, "Kuɗin makarantarta a nan nake kwasowa,
ludayi-ludayi. Ku dai ku koya mata da kyau."

A hanya na sake buga lissafin.
Ashe albashin da nake jira
daga gindin tukunyar nan yake tasowa,
ya biya ta ofishin mai makaranta, ya rame,
ya iso hannuna, in mayar da shi inda ya fito.

Saura kwana takwas.
Gobe zan koma, ɗari ukun yau tana aljihu.
Har yanzu ban yanke ba:
in ce a sa nama, ko in sayo jan biro,
nawa ya ƙafe tun Litinin,
ga littafin Kaneng a jakata ban duba ba.