Littafin Hannaye

Shekara ashirin da uku ina yi wa sababbin likitoci
tambaya ɗaya kafin in miƙa musu almakashi:
"Me hannunka ya yi kafin ya zo nan?"
Amsar nakan rubuta a ɗan littafi mai koren bango
da nake ɓoyewa ƙarƙashin kwalin safar hannu.

Sahabi ya ce dukanci, a Madunka,
tun yana ɗan bakwai yake huda jar fata da basilla.
Na ba shi tauraro biyu.
Luba ta ce zanen lalle,
layi siriri kamar gashin jinjiri. Tauraro ɗaya da rabi.
Akwai mai gyaran waya a bakin Tsohuwar Kasuwa,
sunansa ya ɓace mini, yatsunsa ba su ɓace ba.

Sai Modi, daga wani ƙauye bayan Wurno.
Ya dubi tafukansa kamar na aro,
ya ce, "Ba komi, likita. Albasa mu ka nomawa."
Ƙullinsa na farko ya kwance kafin in juya baya.
Gaban sunansa na ja layi kawai.

Daren da wuta ta ɗauke,
janareto ya yi tari sau biyu ya yi shiru,
ga cikin ɗan kabu-kabu a buɗe gabanmu,
jini na tsattsafowa kamar rijiyar fadama.
Ɗinkin Sahabi, wallahi, ba shi da na biyu,
amma fata ba ta taɓa yin numfashi a hannunsa ba.
Ya daskare.

Modi ya cusa hannu cikin duhun,
ya laluba, ya laluba,
ya danne.
Minti goma sha tara bai motsa ba,
gumi na ɗiga daga haɓarsa,
Luba na haska mini da fitilar waya.

Bayan asuba, a teburin mai shayi, na tambaye shi.
Ya ce, "Ban-ruwan dare ne.
In fangali ya ɓalle ba ka ganin ramin,
da hannu a ka jin inda ruwa ka gudu.
Ka toshe, ka jira tsoho ya zo da fartanya."

Sahabi yau idanu yake ɗinkewa,
har daga Nijar ake zuwa layinsa,
don haka littafin bai yi ƙarya duka ba.
Yana nan, bangon ya koɗe.
Har yanzu ina tambayar.
Sai dai in yaro ya ce mini "ba komai",
nakan rufe biro,
in jawo kujera.