Taɓaryar Inna

Kaji shida gare ni a Bagalam,
har da zakara mai ido ɗaya.
Da rana ba su da buƙatata,
dusa da tururuwa sun ishe su.
Rigimarmu tana farawa da dare.

Bara muzuru ya biyo magudana,
ya iske su zube a ƙasa kamar kabewa,
ya ɗauki sagara, ya bar mini gashi,
da safe na tattara na share.

Sai na ce zan yi musu bene.
Na tafi wurin Ɗan Jimma mai walda
can bakin hanyar Kadro.
Jikka biyu da rabi ya karɓa,
ko dala bai rage mini ba.
Ƙarfe miƙaƙƙe mai shuɗin fenti,
na kawo shi bayan kabu-kabu a ɗaure.

Watan huɗu, akurkin kwano.
Ƙarfen ya sha rana ya ƙoshi,
har isha'i bai huce ba.
Wake-wake ta taka shi sau ɗaya,
ta dube ni da gefen ido,
ta kaɗa fiffike ta tsere.

Na gwada tiyon roba, ragowar aikin famfo.
Santsi! Duk wadda ta hau
sai rawa kamar mai koyon keke.
Barci na ɗauka, sai tim a ƙasa,
hayaniya har gidan Barmo ta tada kare.

Tsohuwa Hankurau ta leƙo ta katanga,
goro cike da kunci:
"Mushe, shekara talatin kana lakwal
ba ka karanta ƙafar kaza ba?
Kama ɗaya, juya ta ka gani.
Ita ba jemage ba ce da za ta rataya,
zama take yi, ta rufe yatsu da ƙirji.
Nemo ice mai kaurin damtsenka,
busasshe, maras ƙaya, a fere.

Tsayin ƙugu ya isa, ba soro ba ne,
kada mai nauyi ta diro ta gurɗe ƙafa.
Toka a ramin gindi don gara,
baƙin mai a baki biyu don ƙuma.
Kuma kada ka ɗora wani bisa wani:
kowa zai ce shi ne na sama,
ta sama kuwa ka san abin da take sakowa.
Layi guda, su kwana tare."

Na gangara gulbi ina dube-dube.
Bedi ɗanye ne, aduwa duk ƙaya,
ƙirya sai mai kuɗi,
gawo kuwa in ka ɗaga masa gatari
'yan gandun daji su kai ka su tsare.

Na dawo hannu rabbana.
Ina alwalar magariba na leƙa akurki, wayam.
Na zaga bayan madafi:
tsohuwar taɓaryar innata ce,
wadda ta tsage aka jingine,
jikoki sun gitta ta kan bulo biyu
sun yi wasan mota sun watse.
Ga su shida bisanta,
zakara a ƙarshe, idonsa mai gani na waje,
kamar sahun salla, a jere.

Tsakiyarta ta rame inda hannu ya ci,
shekara arba'in na dakan gero.
Nan wake-wake ta lafe,
daidai gurbin tafin Inna.
Na daɗe tsaye da buta.
Wani abu ya taso mini a wuya, na daure.

Washegari gwafa biyu, toka, baƙin mai.
Ƙarfen Ɗan Jimma ya zama na shanya,
zannuwan Raha ke kwana a kai.
Hankurau ta ce, "Ka ga amfanin tambaya."
Na ce, "Iya, su ma sun ba da tasu."
Da duhu ya yi na ƙirga su da cocila,
na saurari ɗan gurnaninsu na barci,
a hankali na ja ƙyaure.