Garwashi a Ƙarƙashin Fata

Ni nakan tashi da asuba, hannuwana sai hantsi.
Yatsu goma, kowane da taurin kansa,
kamar ƙirgin akuya da aka manta a rana.
Buta ta suɓuce, basilla ta gagara.
Ni Tabawa, da na shekara talatin
ina ɗinka jar fata a Shiyar Madunka,
yau maɓallin rigar jikata ya fi ƙarfina.

An ce sanyi ne, na sha sassaƙe.
An ce jifa ne, an tofa, an yi ƙaho sau uku.
Hoton ƙashi ya fito fari tas,
mai dubawa ya ce, Inna, ba komi.
Na komo gida da ba-komin nan
yana cizona har cikin barci.

Ran Talata Mainasara ya tsayar da keke,
muka bi ta Gawon Nama, kowane rami sai na ji shi a wuyan hannu.
Da suka ce sikanin, dariya ta kama ni:
autana ya aje gemu,
wane ciki kuma za a duba?

Likita Ummul ta ce, ɗora hannu nan.
Ta matso wani abu mai yauƙi, mai sanyi kamar gindin randa,
ta dafa min ɗan kan na'ura bisa gaɓa.
Ta ce murya ce take aikawa ciki,
siririya, kunne ba ya kama ta,
irin wadda jemage ke neman hanya da ita,
ta bugi ƙashi ta komo da labari.

Na duba allo. Toka-toka, rairayi,
kamar Rima in ruwa ya janye.
Farin layin nan, in ji ta, ƙashinki ne.
Baƙin da ya kumbura bisansa, rigar gaɓa ce ta yi kauri.
Sai ta taɓa wani maɓalli.

Wuta.
Ja da ruwan goro, tana ƙyafta ido tare da bugun zuciyata.

Wata goma sha huɗu ina cewa yana ƙuna,
ana gyaɗa min kai irin na lallashin tsohuwa.
Na ce, Mainasara, matso.
Ka gani? Ka gan ta?
Ya cire hula, ya rasa inda zai aje ta.

Ta nuna min wani ɗan gurbi a gefen ƙashin,
kamar inda ɓera ya ɗanɗana kwaki.
Garkuwar jikinki ce, in ji ta, ta rikice,
mai gadi ya juya yana sarar ƙofar gidansu.
Wanga gurbi ba ya cikowa.
Sauran muke tsere mu tsare.

Ƙwaya ran Alhamis kaɗai, kada a ƙara, kada a tsallake.
Juma'a tashin zuciya.
Ɗibar jini don a gaida hanta.
Tunkiya guda ta tafi kasuwa ba ta komo ba.

Wata uku, wutar ta zama ɗigo.
Wata shida na dunƙule hannu, na murɗa tsumma, na yi guɗa ni kaɗai,
na tura kwalbar magani bayan kwalla,
ban gaya wa kowa ba.

Allon ne ya tona ni.
Ba ciwo, ba kumburi, amma can ƙasa
ga jan ido guda yana kallona.
Likita ba ta yi faɗa ba. Ta ce, Inna,
ke da kike kwana da murhu,
toka ta taɓa zama shaidar mutuwar wuta?

Yanzu ƙaramin yatsana ya karkace, ya ƙi komowa sahu.
Na bar shi, shi ma ya yi aikinsa.
Tara sun isa riƙon basilla.
Jiya na gama jaka guda, ɗinkin bai miƙe sosai ba,
na sa takardar asibiti ciki:
watan gobe, ran sha biyu, ƙarfe tara,
za mu je mu leƙa murhu.