Baki da Kunne

A Garkawa, cikin shagon da ba ya ɗaukar mutum uku,
kawuna Nomau ya shekara yana haɗa wani abu.
Ni ne mai riƙe masa fitila.

Taransifoma ya ciro daga mataccen injin walda,
ya warware jan waya, ya sake naɗa ta da hannu
yana ƙirge a baki kamar mai jan carbi.
In na yi tari lissafi ya ɓace, sai a koma farko.
Kwalabe huɗu na gilashi wani ya kawo daga Kwanni,
a naɗe cikin zane kamar ƙwan zabo.
Gidansu akwatin ƙarfen da matarsa ta tare da shi.
Eriya kuwa ta wuce bedin ƙofar gida.

Masu kamyo in sun kawo gyara sukan leƙa:
"Nomau, wanga abu mi za ya ci?"
Ya ce, "Wuta."
"Ina za ya kai?"
Ya ce, "Inda Abarshi yake."

Abarshi ƙanensa ne, ciki ɗaya,
yana jan tirela daga Tawa zuwa Arlit,
albasa a tafiya, wayam a dawowa,
ta hanyar da salula ke zama dutse a aljihu.

Daren farko ya danna maɓalli.
Kwalaben suka yi jajir kamar garwashi,
fitilun unguwa suka rusuna,
firjin mai ƙanƙara ya yi nishi ya tsaya.
"Abarshi, Abarshi, Nomau ne, kana ji na?"
Muryar ta ɓullo a talabijin ɗin Tsahara ana tsakiyar kokowa,
ta ɓullo a lasifikar masallaci,
ladan ya zabura yana a'uzubillahi.
Gari na wayewa har mai ƙosai na tambaya:
"To, Abarshin ya amsa?"

Bai amsa ba.
Sai shuuu, kamar ana juye gero a buhu.

Kawu ya ce ƙarfi ne bai kai ba.
Ya sayar da tunkiya, ya ƙara kwalba biyu.
Wuta ta lashe masa babban yatsa, ya ɗaure da tsumma.
Jandarma ya zo da takarda, ya sha shayi, ya tafi da jaka biyar.
Kowane dare bayan lisha kawu yana ba wa shuuu labari:
tiyar hatsi ta hau,
an raɗa wa yarinya suna,
ƙafar inna ta sake kumbura, ba ta barci.

Kwana talatin da takwas sai ga Abarshi,
ido ja, rawani duk baƙin mai.
Tun bai zauna ba ya ce,
"Na jiya ka. A Abalak na jiya ka, a Ingal na jiya ka,
ka danne kowa, ba mai iya cewa uffan.
Duk direban hanya ya san ƙafar inna.
Ga saiwa, wani Buzu ya ce in kawo mata.
Na amsa maka har maƙogwaro ya dishe,
amma nawa rediyon, ka san shi,
ko zakara ya fi shi murya."

Kawu ya daɗe yana duban akwatin.
Fanka na juyawa, ba wanda ya kashe ta.
Can ya ce, ba da mu yake ba,
"Baki na gina. Kunne fa?"

Daren nan fitilun Garkawa ba su rusuna ba.
Tsahara ta aiko yaro, ko lafiya?
Ya tarar da mu a ƙasa, kan tabarma,
kawu ya manna kai da ƙaramin rediyo
yana murza shi da yatsan nan mai tsumma,
sannu, sannu,
ni kuma fitila a hannu,
ina danne tari.